Shin sadarwa ta iska na da amfani a na'urar karanta littafi?

A watan Satumban shekara ta 2021, an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, a wani mataki da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ce ta ɗauka domin toshe hanyoyin sadarwar 'yan bindiga da masu tsegunta musu bayanai.

Dutsin-Ma da Kurfi na daga cikin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, kuma sai a watan Disamba ne gwamnati ta ba da umarnin maido da layukan.

Kimanin watanni uku ke nan babu kira, babu saƙo, babu intanet ta wayar salula, a yankin da ke da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita.

A irin wannan hali ne ake gane nauyin wata tambaya da masu sayen na'urar karanta littafi suka daɗe suna yi: shin haɗa na'urar da intanet ta iska, ba tare da kebul ba, abu ne da ya cancanci a kashe masa kuɗi, ko kuwa ƙawa ce kawai?

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar karanta littafi, irin su Kindle da Kobo, ta sha bamban da wayar salula ta fuskar allonta. Allon na ƙunshe da ɗimbin ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da farare, waɗanda lantarki ke turawa sama ko ƙasa domin su fitar da haruffa.

Da zarar shafi ya fito, zai ci gaba da zama a kan allon ba tare da shan wuta ba, har sai an juya zuwa na gaba. Wannan ne ya sa cajin na'urar kan kai makonni, alhali kuwa na waya da ƙyar yake wuce yini guda.

Hanyoyi uku ne littafi ke bi ya shiga cikinta: ko dai ta kebul daga kwamfuta, ko ta Wi-Fi, ko kuma ta layin wayar salula da aka dasa a cikin na'urar tun daga masana'anta.

Na'urorin farko na kamfanin Sony, wato Librie da ta fito a Japan a 2004 da kuma Reader ta 2006, sun dogara ne da kwamfuta. A ranar 19 ga watan Nuwamban 2007 ne kamfanin Amazon ya fito da Kindle a kan dala 399, kuma babban abin da ya yi tallarta da shi shi ne cewa mutum zai iya sayen littafi ya iso masa cikin ƙasa da minti guda, ba tare da ya kusanci kwamfuta ba. Kashin farko ya ƙare cikin sa'o'i biyar da rabi.

A shekara ta 2010 kamfanin ya raba samfurin gida biyu: mai Wi-Fi kaɗai a kan dala 139, mai Wi-Fi da layin 3G a kan dala 189. Wato dala 50 ce farashin layin salular.

Kamfanin da kansa ya bayyana abin da mai na'urar zai sadaukar. A cewarsa, cajin samfurin na 2010 zai kai wata guda idan aka kashe sadarwar, amma kwana goma kacal idan aka bar layin 3G a kunne.

A ƙasashen da wutar lantarki ba ta ɗaukewa, wannan bambanci bai taka kara ya karya ba. To amma a garuruwan da ke ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO, inda a watan Oktoban 2024 aka shafe fiye da mako guda cikin duhu a yawancin jihohin arewa sakamakon lalacewar manyan layukan wuta, kwana ashirin na ƙarin karatu ba abin wasa ba ne.

Wa ke da littafin?

Sai dai matsalar batir ita ce mai sauƙi, domin maɓalli ɗaya ke maganinta. Wadda ta fi ta girma ita ce ta mallaka.

A watan Yulin 2009, wasu masu Kindle a Amurka sun wayi gari sun tarar cewa littattafai biyu na George Orwell, wato 1984 da Animal Farm, sun ɓace daga na'urorinsu. Kamfanin Amazon ne ya goge su daga nesa ta wannan hanya ta iska, bayan ya gano cewa wanda ya sa su a kasuwa ba shi da izinin sayar da su.

Na biyun dai ba baƙo ba ne ga masu karatun Hausa, domin shi ne Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi.

Kamfanin ya mayar wa mutane kuɗinsu, shugabansa na wancan lokaci Jeff Bezos kuma ya nemi gafara a bainar jama'a. Amma dai lamarin ya nuna cewa ƙofar da littafi ke shigowa ta cikinta, ta nan ne kuma za a iya fitar da shi. Abin da mai saye ya biya kuɗi a kai, a mafi yawan lokuta, izinin karantawa ne, ba littafin kansa ba.

An sake ganin haka a 2019, lokacin da kamfanin Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, inda waɗanda aka riga aka saya suka daina buɗuwa, aka kuma mayar wa masu su kuɗi. A Najeriya ma, dandalin OkadaBooks da aka kafa a 2013, wanda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a kai, ya rufe a ƙarshen watan Nuwamban 2023.

Layin salular da aka biya dala 50 dominsa shi ma bai ɗore ba. A 2021 Amazon ya sanar da masu tsofaffin Kindle a Amurka cewa na'urorinsu za su daina samun intanet ta layin, saboda kamfanonin waya sun soma rufe hanyoyin 2G da 3G. Samfuran farko da ba su da Wi-Fi sun koma dogaro da kebul kaɗai.

A halin yanzu sababbin samfuran Kindle da Wi-Fi kawai suke zuwa, kuma ba a caji daban dominsa. Ke nan tambayar ta sauya salo. Ba batun a biya ƙari ko kada a biya ba ne, batun shi ne ko na'urar za ta yi aiki a ranar da babu intanet.

Nan ma akwai abin lura. Daga ranar 26 ga watan Fabrairun 2025, Amazon ya soke damar da masu saye ke da ita ta sauke littafin da suka saya a kan kwamfuta, sannan su tura shi cikin na'urar ta kebul.

Kafin wannan rana, mai Kindle a Kurfi zai iya sa wani ɗan'uwansa a birnin Katsina ya sauke masa littafin da ya saya, ya aiko masa da shi a filas ta hannun direban mota. Yanzu kuwa dole na'urar ce da kanta za ta je inda ake samun intanet.

Takardun da mutum ya mallaka da kansa, waɗanda ba a kantin kamfanin ya saya ba, har yanzu ana iya zuba su ta kebul.

Abin da ake karantawa a nan

Akwai kuma tambayar me za a sauke idan an haɗa na'urar. An ƙirƙiro sadarwar ce domin sauƙaƙa ciniki a kantin kamfanin, wanda kuma da kuɗin waje ake yi. Daga shekara ta 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage, daga baya suka dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a ƙetare, kuma sai a tsakiyar 2025 ne wasunsu suka dawo da shi.

Littattafan Hausa na zamani kuwa ba ta wannan kanti suka fi yawo ba. A zaurukan WhatsApp da shafuka irin su Wattpad ne marubuta, akasarinsu mata, ke sakin labaransu kashi-kashi, masu karatu kuma na biya ta hanyar tura kuɗi a banki.

Ƙungiyar Worldreader, wadda ta fara raba Kindle a makarantun ƙasar Ghana a 2010, ita ma daga baya ta karkata ga manhajar karatu ta wayar salula. Wani rahoto da hukumar UNESCO ta fitar a 2014, bisa binciken da aka yi a ƙasashe bakwai ciki har da Najeriya, ya nuna yadda wayar hannu ta zama ɗakin karatu ga mutanen da ba su da halin samun littafin takarda.

Ga ɗalibin jami'a, mafi yawan abin karantawarsa takardun darasi ne da littattafan da aka ɗauki hotonsu aka mayar PDF. Irin waɗannan sukan yi wa allo mai inci shida yawa, rubutun ya ƙanƙance, kuma sadarwa ta iska ba za ta gyara wannan ba. Haka nan manhajar shiga shafukan intanet da ke cikin na'urorin ba ta da ƙarfin da za a yi binciken mujallun ilimi da ita cikin sauƙi.

Duk da haka, kuskure ne a ce Wi-Fi ba shi da rana.

Ɗalibai da yawa suna da waya amma ba su da kwamfuta, kuma ga irin waɗannan, Wi-Fi ne gada mafi sauƙi tsakanin wayar da na'urar. Mutum zai kunna rabon intanet na wayarsa, ya aika da takardar zuwa adireshin imel na na'urar, ta sauka, sannan ya kashe. Tun daga 2022 wannan hanya ta Amazon ke karɓar littattafai masu tsarin EPUB, wanda shi ne aka fi amfani da shi a wajen kantin kamfanin.

Kuɗin data ma ba zai zama cikas ba, ko da bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a watan Janairun 2025. Littafin labari mai zallar rubutu sau da yawa bai kai nauyin hoto guda da aka ɗauka da waya ba, shi ya sa na'ura ɗaya ke iya ɗaukar dubbai.

Wannan ƙanƙantar nauyi ce ke rage wa sadarwar muhimmanci. Wanda ya samu intanet na sa'a guda zai iya tara abin da zai karanta har shekara ta zagayo, ƙamus ɗin da ke cikin na'urar kuma yana aiki ko babu intanet, muddin an riga an sauke shi.

Don haka abin da ya kamata mai saye a Dutsin-Ma ko Kurfi ya fara tambaya shi ne ko na'urar na karɓar littafi ta kebul, da kuma irin tsarin da take iya buɗewa. Na'urorin Kobo da PocketBook na buɗe EPUB kai tsaye, Kindle kuwa sai an juya shi tukuna, aikin da manhajar Calibre ke yi kyauta a kan kwamfuta ba tare da intanet ba.

Wanda zai sayi ta hannu, kamar yadda ake sayen wayoyin kwatano, yana da ƙarin abin dubawa: ya tabbatar tsohon mai ita ya cire sunansa daga rajistarta, kuma batirin bai mutu ba. Ya kuma gwada buɗe rubutun Hausa a kanta tun a gaban mai sayarwa, domin ba kowane salon haruffa ne ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata ba.