Riƙo da Wilaya: Wa Yake da Iko da Gonar Maraya?

Maƙasudin wannan ɗan taƙaitaccen bayani shi ne a rarrabe tsakanin kalmomi guda biyu waɗanda Bahaushe ya saba cuɗa su wuri guda, watau riƙo da wilaya. Za mu dubi al'amarin ne ta fuskar ƙasar Kano ta kudu, wato Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda yawancin abin da mamaci yake bari gona ne da shanu da rumbun hatsi.

A al'adance, idan magidanci ya rasu ya bar 'ya'ya ƙanana, da zarar an yi sadakar arba'in sai dangi su zauna a raba riƙo. Baffa ya ɗauki maza, goggo ko kaka ta ɗauki mata. Gonar kuwa ba a cika yin wata doguwar magana a kanta ba, domin kowa ya ɗauka cewa wanda yake ciyar da yaro shi ne zai nome masa rabonsa. A zamanin da ake noman gandu wannan bai zama abin damuwa ba, tun da tukunya ɗaya ce, rumbu ɗaya. Amma gandu ya watse, ƙasa kuma ta yi daraja, musamman tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kuma shinkafa da masara suka zama abin kai wa kasuwa. Gonar da a da ake bayar da ita aro, yanzu jinginarta kaɗai tana iya aurar da mutum.

To, a fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalanmu suke hukunci da shi daga littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa, abubuwan nan biyu hanyarsu daban. Renon yaro, wanda malamai suke kira halana, haƙƙin uwa ne da farko, sa'an nan kakarsa ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a waiwayi dangin uba. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin miji. Dukiya kuma tana hannun uba. In ya mutu sai wasiyyin da ya ambata. In bai bar wasiyyi ba sai alƙali, ko wanda alƙali ya naɗa. Abin lura a nan shi ne, baffa da wa da kaka ba su cikin wannan jeri. Kasancewar mutum ƙanin mamaci ba ta ba shi ikon sayar da ko taƙi ɗaya na gonar maraya. Ana iya naɗa shi, kuma sau da yawa shi ya fi cancanta, amma naɗin ne yake ba shi iko.

Wanda aka ɗora wa wannan nauyi aikinsa ya wuce ajiya. Zai ciyar da yaro daga dukiyar gwargwadon hali, ya fitar mata da zakka, ya juya ta don kada ta ƙare a zaune. Ba ya sayar da gona ko gida sai da dalili mai ƙarfi. Balaga kaɗai kuma ba ta isa a miƙa wa yaro kayansa ba, sai an jarraba shi an ga ya san ciwon kuɗi, sa'an nan a miƙa a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni. A ganina wannan sharaɗi na shaidu shi ne aka fi sakaci da shi a karkara, saboda kunya: wa zai ce wa baffansa a kira shaidu? Ƙarshenta sai bayan shekara ashirin a tarar da su gaban alƙali, dattawan da suka san iyakar gonar duk sun ƙaura.

Wannan hukunci bai tsaya ga yara ba. Ya haɗa da mai taɓin hankali, da tsohon da ya rikice, da safihi, watau baligin da yake watsa dukiyarsa ba kan gado. Su ma alƙali yana iya hana su taɓa dukiyarsu, ya naɗa mai kula. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci waɗannan duka cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take da hurumi a kansu, muddin Musulmi ne. Ga sauran al'umma akwai kotunan gwamnati. Akwai kuma Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, wadda Jihar Kano ba ta yi tata irinta ba sai a 2023, shekarar da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta zamanin Turawa.

Sai dai mutumin Riruwai ko na Kwanar Dangora ba kotu yake fara zuwa ba. Mai unguwa da dagaci da liman su ne suke wurin ran rabon gado, kuma a hannunsu ne ake iya rubuta sunan mai riƙo daban, sunan mai kula da gona daban, da iyakokinta, da adadin buhunan da aka samu kowace kaka.