Yadda ake ƙulla kwangila a Night City da takarda da fensir

Yawancin samarinmu da suka san sunan Cyberpunk a waya suka tsince shi, ta dalilin wasan kwamfutar nan Cyberpunk 2077 da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fitar a watan Disamban 2020. Kaɗan ne suka san cewa uwar wannan wasa takarda ce da fensir. Wani Ba'amurke baƙar fata, Mike Pondsmith, shi ya wallafa littafin farko a 1988 ƙarƙashin kamfaninsa R. Talsorian Games. Cyberpunk 2020 ya biyo baya a 1990, sannan Cyberpunk Red ya fito a 2020. Wannan na tebur ba ruwansa da data ko babbar kwamfuta, ko an ɗauke wuta ana yin sa da tocila.

Ga yadda abin yake. Mutum huɗu ko biyar su zauna, kowa riƙe da takardar da ke bayanin wanda zai zama a cikin labari: sojan haya, ɗan kutse, likitan bayan fage, ɗan jarida, makaniki, dillali, da sauransu har guda 10. Mutum ɗaya shi ne alƙalin wasa. Shi ke bayyana gari, shi ke magana da bakin duk wanda aka haɗu da shi a hanya. Idan ɗan wasa ya ce zai tsallaka katanga ko zai yaudari mai gadi, sai ya jefa ɗan ludo mai fuska 10, ya haɗa da makin baiwarsa da na ƙwarewarsa. A Cyberpunk Red abin yau da kullum sai ka haura 13, mai wuya 15, aikin ƙwararru 17. Shi ke nan lissafin, ɗan aji shida ma zai iya.

Garin da ake wasan, Night City, ƙirƙirarre ne, an ɗora shi a gaɓar tekun Kalifoniya. A Red shekarar 2045 ake ciki, bayan yaƙin da manyan kamfanoni biyu, Arasaka da Militech, suka gwabza har bam ɗin nukiliya ya tashi a tsakiyar birnin a 2023. Gwamnati ta yi rauni, kamfani ya zama sarki, talaka na kwana cikin kwantena alhali hannunsa na ƙarfe ne mai kwamfuta a ciki. Irin duniyar da fim ɗin Blade Runner na 1982 da littafin Neuromancer na William Gibson na 1984 suka saba wa mutane da ita ke nan: fasaha ta kai ƙololuwa, rayuwa ta faɗi ƙasa.

To, nauyin da ke kan alƙali shi ne ya zo wa jama'a da aikin da za su yi a daren. Nan ne sababbin alƙalai ke tuntuɓe. Sai mutum ya zauna ya rubuta labari tun daga farko har ƙarshe kamar mai shirya fim, ya ƙaddara wanda zai mutu da wanda zai tsira. Da 'yan wasa suka bi wata ƙofa daban, sai ya rikice, ya fara tilasta musu komawa kan layi. A kwalejin horar da malamai an koya mana rubuta tsarin darasi, amma duk wanda ya tsaya gaban aji ya san yara ba su karanta tsarin naka ba. Haka tebur yake. Abin da alƙali zai shirya shi ne halin da ake ciki: wa ke son me, me ya hana shi samu, me zai faru idan babu wanda ya motsa.

Ni da kuɗin haya nake farawa. Littafin Red ya sa hayar kwantena ta wata ɗaya yurodala 1,000, abinci mafi arha kuma 100. Aiki matsakaici yana biyan kowane mutum kamar 1,000. Kun ga ke nan ko an gama aiki lafiya, da saura. Wannan ƙaramin giɓi shi ke sa ɗan wasa ya karɓi kwangilar da zuciyarsa ba ta so, kuma shi ke sa mayar da ita ya yi zafi. Idan aljihun kowa cike yake, duk wani zaɓi da za ka ajiye musu a gaba wasan yara ne.

Bari in kawo aikin da na tsara, don magana ta zauna. Dillali ya kira mutum huɗu da daddare. Akwai wani ƙaramin asibiti kusa da tashar jiragen ruwa, a bayansa akwai sito, a cikin siton akwai akwatin ƙarfe. A fito da shi kafin ƙarfe 5 na asuba, lokacin da mota za ta zo ɗaukarsa. Dubu ɗaya kowa, kada a buɗe. Iya abin da 'yan wasa suka sani ke nan.

Abin da ni na sani a takardata ya fi haka. Asibitin yana dasa wa 'yan dako hannayen ƙarfe bashi, su riƙa biya duk wata. Wanda ya yi wata uku bai biya ba, sai 'yan karɓar bashi su tare shi su kwance hannun. A cikin akwatin akwai hannaye 12 da aka ƙwace, da ɗan faifai mai ɗauke da sunayen duk masu bashi a unguwar. Wanda ya ba da kwangilar kuma ba mai tausayi ba ne. Wani mai ba da bashi da ruwa ne, ya fi asibitin mugunta, sunayen yake so don ya zama shi ke karɓa.

Sai abu ɗaya da ba na tsallakewa. Lokacin ƙirƙirar ɗan wasa, Cyberpunk na da jadawalin tarihin rayuwa, inda ake fitar da danginka, abokanka, maƙiyanka, da wanda ka taɓa so. Alƙalai da yawa sukan bar wannan shafi ya yi ƙura, alhali nan ne arzikin yake. Ina ɗauko mutum ɗaya daga tarihin wani a teburin, misali wan likitan, in sa hannunsa cikin goma sha biyun nan. Daga lokacin da likita ya ga sunan ɗan uwansa manne a jikin ƙarfe, maganar ta tashi daga sata ta koma ta gida.

Amma fa sai sun gano. Wani marubucin harkar, Justin Alexander, ya kawo wata ƙa'ida a 2008 da ta yaɗu sosai: duk gaskiyar da kake so 'yan wasa su kai gare ta, ka ajiye mata alamu uku, domin za su wuce ta farko, su yi watsi da ta biyu, su yi wa ta uku gurguwar fahimta. Saboda haka na ajiye ɗan dako mai hannun riga a lanƙwashe wurin mai shayin da ke kallon siton, wanda zai yi magana idan an saya masa kofi ɗaya. Na ajiye takardun suna a jikin hannayen, ga wanda ya karya umarni ya buɗe akwati. Na kuma ajiye kwafin jerin bashin a kwamfutar siton, inda ɗan kutse zai ci karo da shi yana neman kashe kyamara.

Maganar ɗan kutse tana da tarihi. A Cyberpunk 2020 yana iya zama a ɗakinsa ya shiga intanet, shi da alƙali su yi rabin awa suna nasu, saura na hamma. Red ta gyara wannan: tsohuwar intanet ta lalace a labarin, yanzu dole ɗan kutse ya matso cikin mita 6 da mahaɗar na'urar da zai shiga. Don haka inda ka dasa mahaɗar nan a taswira shawara ce babba. Ni a bangon ɗakin masu gadi na sa ta. Yana kutse, abokansa na tsaye a kansa suna jin takun mai gadi.

Ƙofofin shiga kuwa, na tanadi rufi mai tagar iska, da motar kawo kaya da za a iya shiga a ɓoye, da wani mai gadi wanda idonsa na ƙarfe shi ma bashi ne, wata biyu bai biya ba. Wannan na ƙarshen ya fi burge ni, don ana iya saye shi da kuɗi, ana iya tsorata shi, ana kuma iya gaya masa gaskiya kawai a ga abin da zai yi. Idan 'yan wasa suka zo da hanya ta huɗu da ban yi tunani ba, ai madalla, in dai da hankali a ciki sai in sa mata lamba su jefa.

Lokaci shi ne bulala. Ina zana akwatuna shida a takarda a tsakiyar tebur, kowa na gani. Duk hayaniya, duk jinkiri, duk jifa da ta faɗi, in cike guda. Na shida ya cika, mota ta iso da 'yan bindiga ko da asuba ba ta yi ba. Wasanni irin su The Sprawl na 2016 da Blades in the Dark na 2017 sun yi suna da wannan dabara ta agogo, kuma tana shiga Cyberpunk daram. Faɗa kuma ɗaya ya isa a dare. A Red idan shida biyu suka fito cikin jifar rauni, mutum na iya rasa hannu ko ido nan take, kuma magani kuɗi ne. Alƙalin da ke jera faɗa huɗu a zama ɗaya, gawa kawai yake tarawa.

Akwai wata al'ada da ta yi katutu a irin waɗannan wasanni, musamman Shadowrun da ya fito a 1989, inda ake kiran duk mai ba da kwangila Mista Johnson: ana gama aiki sai ya ci amana, ya juyo da bindiga. An yi ta har ta zama abin dariya, 'yan wasa sun daina yarda da kowa. A ganina wannan ragwanci ne. Dillalina bai yi ƙarya ba, tambaya ce kawai bai yi ba don kada a ba shi amsa. Zai biya cif idan an kawo kaya. Wannan ya fi cin amana ciwo, domin babu wanda za a ɗora wa laifi sai kai da ka miƙa akwatin.

Na san wani dattijo zai ce, Malam, ɗan ludo fa, da koya wa yara kutse? Na farko, akwai hadisi a Sahihu Muslim kan wasan nardu, kuma malamai sun yi bayani mai tsawo a kai, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai wa malaminsa. A nan dai ba a zuba ko sisi, babu mai ci babu mai faɗuwa, in an kira salla a tashi. Na biyu kuwa, ba dattijon ne ya fara wannan tsoro ba. A watan Maris na 1990 jami'an tsaron sirri na Amurka sun dira ofishin Steve Jackson Games a Austin ta jihar Texas, suka kwashe kwamfutoci har da rubutun littafin GURPS Cyberpunk da ba a buga ba. Kamfanin ya kai ƙara, ya yi nasara a 1993. Kutsen cikin wasa jifa ce da lissafi, ba zai buɗe maka ko wayar ƙaninka ba.

Mu koma sito. An fito da akwati, an san abin da ke ciki, ƙarfe 4 ta wuce. Idan suka kai wa dillali, haya ta kusa biyuwa, amma mako mai zuwa sababbin 'yan karɓar bashi za su shigo unguwa da sunan kowa a hannu. Idan suka mayar wa 'yan dako hannayensu, babu kuɗi, dillali zai daina ɗaga waya, likita kuma zai kwana yana ɗaura hannaye 12 da kayan aikin da ba su isa ba. Idan ɗan jarida ya watsa jerin, za a rufe asibitin, kuma shi kaɗai ne wurin da talakan tashar ke gyara ƙarfen jikinsa. Suna iya ƙona faifan su kai akwatin, su yi fatan mai bashi ba zai gane wa ya yi ba. Zai gane.

Ban rubuta wanne ne daidai ba, kuma ba na nuna musu da fuska. Abin da na rubuta shi ne layi biyu-biyu ƙarƙashin kowane ɓangare: abin da asibiti zai yi, abin da mai bashi zai yi, abin da mai gadin nan mai ido ɗaya na haya zai yi idan aka kore shi saboda su. Duka shirin bai wuce shafi biyu na littafin rubutu ba, da taswira a bayan na biyun. Daga waɗannan layuka aikin mako mai zuwa zai fito, kuma wanda zai buga musu waya wannan karon mai gadin ne.