Aikin Kammalawa a Digirin MALS na Amurka

Akwai wani nau'in digiri na biyu a Amurka da ake kira MALS a taƙaice, wanda ba ya ɗaure ɗalibi a fanni guda. Mutum yana iya haɗa adabi da tarihi, ko falsafa da nazarin addini. Jami'ar Wesleyan ce ta fara irin wannan shiri a 1953, daga baya wasu irin su Johns Hopkins da Dartmouth suka biyo baya. Yawancin masu yin sa ma'aikata ne da ke karatu da yamma ko lokacin hutu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin da ake rufe karatun da shi. Bayan kwasa-kwasai kamar goma, ɗalibi zai gabatar da aiki guda babba. Ƙa'idoji sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma hanyoyin da aka fi sani biyu ne: kundin bincike irin wanda muka saba da shi, ko kuma aikin fasaha, wato gajerun labarai, waƙoƙi, ko fim. Wanda ya zaɓi na biyu kada ya ɗauka ya tsira daga bincike, domin galibi sai ya haɗa da maƙalar da ke bayyana littattafan da ya karanta da dalilin da ya sa ya tsara aikin haka.

Kafin a kai nan, sai an rubuta takardar neman amincewa da batu, an kuma samu malamin da zai duba aikin. A ganina a nan ne wuyar take. Ɗalibin sashen Hausa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Shi kuwa wannan ba shi da sashe guda, don haka shi zai nemi malamin da ya yarda da batunsa, ya kuma gamsar da shi cewa tambayar tasa ta fi ƙarfin fanni ɗaya. Misali, mai son nazarin littattafan soyayya na Kano sai ya nuna abin da tattalin arziki zai faɗa game da kasuwarsu wanda nazarin adabi kaɗai ba zai gano ba. Jera babin adabi kusa da babin tattalin arziki bai wadatar ba, sai fannonin sun amsa tambaya ɗaya tare.

Wasu jami'o'in kan nemi ɗalibi ya kare aikin da baki. Duk wanda ya cinye kwasa-kwasai amma bai miƙa wannan aiki cikin wa'adi ba, a inda aka wajabta shi, to babu digiri.