BABI NA UKU: TASWIRAR SAUYIN AMFANI DA ƘASA A FADAMAR HAƊEJA DA NGURU

3.1 Muhallin Nazari

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda ake zana taswirar sauyin da ke aukuwa a doron ƙasa a yankunan karkara, da kuma yadda ake kintacen abin da zai biyo baya. An ɗauki fadamar Haɗeja da Nguru, wadda ke cikin jihohin Jigawa da Yobe, a matsayin misali. A nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa a tsakanin jigayin rairayi, kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Cadi.

Tun farko ya kamata a bambance abubuwa biyu da akan cuɗanya su. Na farko shi ne abin da ya lulluɓe ƙasa, wato ruwa ko ciyawa ko itatuwa ko gine-gine. Na biyu kuwa shi ne amfanin da mutane suke yi da ƙasar, kamar noma da kiwo da su. Hoto yana nuna na farko ne kawai. Na biyun sai an je an tambaya.

3.2 Yadda Ake Zana Taswirar

Kafin 1972 masu nazari sun dogara ne a kan hotunan da jirgin sama ke ɗauka. A wannan shekara ce Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko cikin jerin Landsat. Daga 1982 hotunan suka ƙara fitowa fili, inda kowane ɗigo guda a hoton yake wakiltar fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi. Tauraron yakan komo kan wuri ɗaya bayan kwana 16. A 2008 aka buɗe rumbun hotunan kyauta, sannan a 2015 Turai ta harba Sentinel-2, wanda ɗigonsa ya kai mita 10.

Hanyar aikin ita ce, mai nazari zai zaɓi wuraren da ya tabbatar da abin da ke cikinsu, ya nuna wa kwamfuta cewa wannan gonar gero ce, wannan ruwa ne, wannan kurmin goruba ne. Ita kuma sai ta bi sauran ɗigogin ta rarraba su gwargwadon irin hasken da kowanne ke mayarwa. Idan aka yi haka ga hotunan shekaru daban-daban, sai a ɗora wannan a kan wancan, a ga inda aka sami sauyi.

3.3 Abin da Taswirorin Suka Nuna

Babban sauyin da ya bayyana shi ne raguwar ambaliyar da ke rayar da fadamar. A wajejen ƙarshen shekarun 1960 ruwa yakan mamaye fiye da murabba'in kilomita 2,000, amma a farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba. Dalilan haka sun haɗa da farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, da madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Calawa a 1992. Littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka shirya a 1993 ya tattauna wannan batu sosai. Haka kuma, yaɗuwar injinan ban-ruwa da hana shigo da alkama daga waje a 1987 sun sa an share filaye da dama domin noman rani.

Amma wani abin lura shi ne ciyawar kacala. Da yake madatsun sun sa ruwa yana gudana har cikin rani, maimakon kogi ya ƙafe kamar da, sai kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan ya karkata zuwa mashigin Marma da tafkin Nguru, ya cinye gonaki a can, alhali wasu garuruwan suna kukan rashinsa. Ita wannan ciyawa a hoton tauraro kore shar take fitowa ko da a watan Maris. Wanda bai san wurin ba zai iya sanya ta cikin gonakin rani, ko ya ce ƙasa ta farfaɗo. Ga manomi kuwa gona ce ta salwanta, ga masunci hanyar kwalekwale ce ta toshe, kuma maɓoya ce ta tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wannan ya isa ya nuna cewa koren launi a taswira ba kullum ne yake nufin alheri ba.

Bugu da ƙari, fili ɗaya a fadama yakan yi aiki uku ko huɗu a shekara. Da damina a shuka shinkafa, ruwa ya cika masunta su kafa koma, ya janye a shuka wake, bayan girbi Fulani su shigo da shanu. Hoton da aka ɗauka a Satumba zai ce ruwa ne, na Janairu zai ce gona ce. Saboda haka tilas ne a kwatanta hotunan wata ɗaya, in ba haka ba sai a ɗauki sauyin yanayi na shekara a matsayin sauyi na dindindin. Shi kuwa burtali, wanda a kansa ake yawan samun rikici, sau da yawa ya fi ƙarfin ɗigon mita 30 saboda ƙarancin faɗinsa.

3.4 Kintacen Gaba

Hanyar da aka fi bi wajen kintace ita ce lissafin Markof, wanda ya samo suna daga wani masanin lissafi ɗan Rasha. A misali, idan an ga cewa cikin shekara goma hekta 20 daga kowace 100 ta makiyaya ta koma gona, sai a ɗauka haka za ta ci gaba da faruwa a shekara goma masu zuwa. Daga nan sai a ƙara wasu ƙa'idoji, kamar kusanci da hanya ko kogi ko gari, domin a gane inda sauyin zai faɗa. Akan gwada ingancin lissafin ne ta hanyar sa shi ya kintaci shekarar da aka riga aka san taswirarta.

Raunin wannan hanya a fili yake a fadamar Haɗeja. Lissafin da aka gina a kan shekarun 1960 ba zai taɓa hango madatsar Tiga ba, domin madatsa shawara ce ta hukuma, ba ɗabi'ar ƙasa ba. Don haka ya fi dacewa a zana taswira fiye da ɗaya: guda idan an saki ruwan madatsun da damina, guda kuma idan an faɗaɗa noman rani a Kadawa da kwarin Haɗeja. Barbier da Thompson (1998) sun yi irin wannan kwatance, suka nuna cewa ribar da manyan ayyukan ban-ruwa ke kawowa a sama ba ta cike asarar da mutanen fadama ke yi a ƙasa. Babi na huɗu zai duba yadda su mazauna fadamar suke rarraba ƙasarsu da sunayen da suke ba kowane kashi.