Ciwon Dunduniya: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Yi Jinyar Ƙafarsa A Gida

Duk wanda ya san kasuwanninmu na bakin iyaka, tun daga Ƙonni da Illela, zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Ɗan Barto da Kwangwalam, ya san cewa jarin ɗan kasuwa na farko ƙafarsa ce. Mai awon hatsi yana tsaye tun hantsi har almuru, dillali yana zagaya kara bayan saniya, ɗan dako yana kai da komo tsakanin mota da sito, mai tallar fura kuwa ba ta san iyakar tafiyar da take yi a yini ba. Saboda haka ranar da ƙafa ta ƙi taka ƙasa, ciniki ya tsaya, cefanen gida ma ya tsaya.

Akwai wani ciwo da ke addabar masu irin wannan sana'a, wato ciwon dunduniya. Wasu kan ce sanyi ne, wasu su ce mutum ya taka wani mugun abu ne a hanya. A wajen masana lafiya kuwa sanannen ciwo ne, domin an ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa, kuma ya fi kama ƴan shekara 40 zuwa 60. Abin farin ciki shi ne mafi yawan masu shi suna warkewa ba tare da tiyata ba, kuma babban maganinsa yana cikin gida.

Yadda ake gane shi

A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata faffaɗar jijiya mai kauri, wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Aikinta kamar na tsirkiyar baka ne, ita ke riƙe lanƙwasar tafin ƙafa, kuma duk takun da mutum ya yi sai ta miƙe ta ɗauki nauyinsa. Idan aiki ya yi mata yawa, wurin da ta kama ƙashi yakan gaji ya riƙa ƴan tsattsagewa, to daga nan ciwo yake farawa.

Babbar alamarsa ita ce takun farko na asuba. Mutum zai sauko daga gado zai tafi alwala, sai ya ji kamar ya taka ƙusa, ya yi ta ɗingishi. Bayan ya ɗan yi tafiya sai abin ya lafa, har ya manta. Idan ya zauna ya daɗe, misali a cikin mota daga Maraɗi zuwa iyaka, yana sauka sai ciwon ya dawo, haka nan da yamma bayan doguwar tsayuwa. Dalili shi ne lokacin da mutum yake kwance jijiyar takan tsuke, sai takun farko ya fizge ta da ƙarfi. Idan ka danna ƙasan dunduniya da babban yatsa, ta ɓangaren ciki, za ka sami wurin da zafin yake.

Abubuwan da ke jawo shi sanannu ne: doguwar tsayuwa a kan siminti ko busasshiyar ƙasa, ƙiba, ɗaukar kaya masu nauyi, tafiya ba takalmi, silifa da ya cinye har ya zama kamar takarda, da kuma taurin naman sha-raɓa da agara. Mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da wanda lanƙwasar tafinsa ta cika zurfi su ma sun fi saurin kamuwa.

Maganin da ke hannunka

Abu na farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne miƙar da jijiyar kafin ka taka ƙasa. Da ka farka, zauna a bakin gado, ka ɗora ƙafar da ke ciwo a kan gwiwar ɗaya ƙafar, ka kama yatsun duka ka jawo su sama wajen ƙwauri, har ka ji tafin ya ɗaure kamar igiya. Riƙe ka ƙirga goma a hankali, ka saki, ka maimaita sau 10. Ana yin haka sau uku a yini. Don kada a manta, sai a haɗa shi da lokutan salla: kafin asuba, bayan azahar, da kuma bayan lisha. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka buga a 2003, ya nuna cewa bayan mako takwas masu yin wannan miƙa sun fi samun sauƙi a kan waɗanda suka tsaya ga miƙar da agara kaɗai.

Na biyu, a sassauta sha-raɓa. Fuskanci bango ka dafa shi da hannu biyu, ka mai da ƙafar da ke ciwo baya, gwiwarta a miƙe, dunduniyarta a ƙasa, sa'an nan ka karkata gaba har ka ji bayan ƙafar yana ja. Tsaya haka kamar rabin minti, ka yi sau uku. Dattijon da ba ya iya wannan sai ya zauna ya miƙe ƙafa, ya rataya rawani ko tawul a ƙarƙashin yatsu ya riƙa jawowa wajensa. Ƴan uwa mata kuma ɗankwali ya ishe su.

Na uku, murzawa da sanyayawa. Da yamma idan an tashi kasuwa, a sami gorar ruwa da ta yi ƙanƙara, a naɗe ta da ƙyalle, a sa a ƙasa a riƙa mirgina ta da tafin ƙafa na minti 10 zuwa 15. Inda babu ƙanƙara, kwalba ko muciya ma tana yi, sai dai kada a danna har ya yi zafi. Shafa man kaɗe ana murza tafin da hannu yana kawo sauƙi, amma a sani murzawar ce ke aikin. Wanda ya fi jin daɗin ruwan ɗumi babu laifi ya tsoma ƙafarsa, kodayake sauƙin nan na ɗan lokaci ne.

Na huɗu, idan zafin ya fara raguwa, sai a ƙarfafa ƙafar. Naɗe tawul ka ajiye a bakin dakali ko matakala, ka ɗora yatsun a kansa yadda za su ɗaga sama, dunduniya kuma tana lilo a waje. Dafa bango, ka ɗaga jikinka a hankali kana ƙirga uku, ka tsaya ka ƙirga biyu, ka sauko kana ƙirga uku. A fara da ƙafa biyu, daga baya a koma ɗaya, sau 12 a jere, a huta, a maimaita har zagaye uku. Ana yi yau a tsallake gobe. Masu bincike a ƙasar Denmak sun gwada wannan a kan mutum 48, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna sun fi samun sauƙi cikin wata uku, kodayake bayan shekara guda su da masu miƙa kaɗai sun zo daidai.

Abin da za a gyara a rumfa

Likita yana iya cewa a huta, amma kowa ya san ɗan kasuwa ba zai rufe rumfa wata biyu ba. Abin da zai yiwu shi ne rage wa ƙafa wahala. A ajiye kujera ko benci a riƙa zama duk lokacin da babu mai saye, kuma kafin a miƙe a ɗan ja yatsun nan. Inda ake tsayuwa a shimfiɗa kwali mai kauri ko buhu biyu zuwa uku. Ɗan dako ya rage lodi na ɗan lokaci, ko ya koma baro idan da hali.

Sai maganar takalmi, wadda a nan ne da yawa suke yin rowa. Takalmin da ya dace shi ne mai kaurin ƙasa da taushi a ciki, mai ɗan tudu kaɗan a dunduniya, wanda ya riƙe ƙafa ta baya. A kasuwar gwanjo ana samun irinsa, sai dai a duba kada ƙasansa ya cinye ta gefe guda. Idan ka iya naɗe takalmi a hannunka kamar tabarma, ka bar shi. Ana kuma iya yanka soso mai tauri a sa a ƙarƙashin dunduniya, a ƙafa biyun duka don kada tafiya ta karkace. A cikin gida ma kada a yi yawo ba takalmi a kan siminti, a ajiye shi a bakin gado. Mai ƙiba kuwa, duk kilon da ya rage, ya rage wa dunduniyarsa kaya.

Inda kuɗi ke salwanta

Saboda ciwon yana daɗewa, mutane sukan gaji su faɗa hannun masu tallar ƙwayoyi a faranti. Farasitamol yana rage zafi idan an sha bisa ƙa'ida. Irin su ibufurofen da dikulofenak kuwa, shan su kullum yana iya jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, kuma mai hawan jini, mai gyambon ciki da mace mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. Tiramol ba ya warkar da jijiya, sai dai ya rufe zafin mutum ya ci gaba da taka ciwo, daga baya ya kasa rabuwa da ƙwayar.

Allurar da ake yi a dunduniya tana kawo sauƙi na ƴan makonni, amma yawan yin ta yana iya tsinka jijiyar ko ya narkar da kitsen da ke kare ƙashi, don haka ba aikin mai kemis ba ne. Tsaga da ƙaho da sakiya kuma ba sa kaiwa inda ciwon yake, sai su bar rauni a wurin da ake takawa cikin ƙura da taɓo. Haka nan idan an ɗauki hoton ƙashi aka ce maka wani ɗan tsini ya tsiro a dunduniya, kada hankalinka ya tashi, domin mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba, kuma ana warkewa yana nan.

Lokacin zuwa asibiti

Akwai alamun da ba a yi musu jinyar gida. Idan dunduniya ta kumbura ta yi ja da zafi, ko akwai zazzaɓi. Idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa, ko ka ji wani abu ya tsinke har ka kasa takawa. Idan ƙafar tana mutuwa ko tana yi kamar ana tsira allura. Idan zafin yana hana barci ko kana kwance. To a nufi likita ba da ɓata lokaci ba. Mai ciwon suga musamman kada ya sa ƙanƙara ko ruwan zafi, kada kuma ya yarda a yi masa tsaga, domin ƙaramin rauni a ƙafarsa yana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ta. Yaro mai tasowa da ke kukan dunduniya shi ma nasa daban ne, a kai shi a duba. Wanda kuma ya yi wata biyu yana bin waɗannan matakai bai ga canji ba, ya je a sake dubawa.

Daga ƙarshe, ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan ciwo yana son haƙuri. Sauƙi yakan fara bayyana bayan makonni, warkewa sarai kuwa tana iya ɗaukar wata shida har zuwa shekara, kuma kusan mutum 8 zuwa 9 cikin 10 suna rabuwa da shi ta waɗannan hanyoyi masu sauƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar an ji dama-dama, a koma tsohon silifa, sai ciwo ya dawo sabo. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Minti goma da safe, minti goma da dare, da takalmin kirki guda ɗaya, sun fi arha a kan ranar kasuwa ɗaya da za a yi a kwance. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a nema, amin.