Wusasa: majami'ar ƙasa da wa'azinta na Hausa

Ƴan kasuwarmu na Diffa masu kai tattasai da bandar kifi Najeriya sun san Maiduguri da Kano kamar yunwar cikinsu. Amma kaɗan ne suka san Wusasa, wani ɗan gari a gefen Zariya, inda tsohuwar majami'ar Sen Batalomi take tsaye. Da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa, bayan mishan ɗin CMS ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma can a 1929.

Abin da ya ja hankalinmu, mu ma'aikatan rediyo, shi ne harshen da ake wa'azi da shi. Likita Mila, Baturen Ingila da ya zauna Zariya tun 1905, ya ga cewa maganar da ba a yi ta da harshen gida ba, a kunne take tsayawa. Shi da abokan aikinsa Hausawa suka duƙufa kan fassara, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Kalmomin da suka ɗauka ba baƙi ba ne: Allah, annabi, Zabura, alkawari, gafara. A Wusasa ɗin ne Yakubu Gowon, wanda ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975, ya tashi, kuma mahaifinsa mai wa'azi ne.

Ga yadda al'adar take a majami'un Hausa. Ranar Lahadi a yi waƙa, a karanta aya, sannan fasto ya warware ta da misalan gona da kasuwa da zaman gida: mudun da ba a cika ba, bashin da aka hana, kishi tsakanin maƙwabta. In an tashi, wa'azin ba ya kwana a majami'a. Matan Zumuntar Mata su mayar da shi waƙa, su kai shi gidan suna da gidan makoki da wurin marar lafiya.

Da wannan Littafi na Hausa aka yi wa'azi a ƙasarmu ma. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya rediyo ya karɓa: ana naɗar shirin Muryar Bishara a Jos, a watsa shi daga Adis Ababa, har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Sai kaset ya zo, na malamai da na fastoci, ana sayarwa a tasha. Yau kuwa wa'azi yana cikin salula, ana tura shi ta WhatsApp.

Nan ne maganar ta shafe mu. A 2015 mun ga abin da baki ke iya yi. Ranakun 16 da 17 ga Janairu aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. Shugabannin Kirista suka yi wa mabiyansu wa'azin yafiya, malamai da dama kuma suka yi tir da ɓarnar. Ran 6 ga Fabrairu Boko Haram, wadda ita ma da wa'azi ta fara tara matasa, ta kai hari Bosso da Diffa. Aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana cinikin kifi da tattasai na tsawon lokaci, gonakin bakin Komadugu suka zama kufai. Waɗanda suka tsallako kogin suna gudu, Musulmi da Kirista, rumfa ɗaya suka fake.

To iyayenmu mata da ƴan uwa ƴan kasuwa, ba mai sayen buhun tattasai bai buɗe bakinsa ya duba ba. Wa'azin da ya shigo salularku, ko na wane ne, ku saurare shi har ƙarshe kafin ku tura wa wani. In yana kiran gaskiya a awo da riƙon amana, ku ba maƙwabta. In yana zuga ku kan wadda kuke talla tare, ku goge shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a kasuwa.