Ko ka sani? Na'urar gwajin suga tana gane wanda ya taka da ƙafa

Ƙaramar na'urar nan da ake gwada suga da ita a kemis-kemis na Titin Bauchi, a Jos, lantarki take aunawa. A jikin ɗan sillen da ake ɗiga wa jini akwai sinadarin da ke haɗuwa da suga ya haifar da 'yar wutar lantarki, sai na'urar ta mayar da ƙarfin wutar zuwa lamba cikin 'yan daƙiƙu. Kakarta da kamfanin Ames na Amurka ya fitar a 1970 ta kai kilo guda a nauyi, a asibiti take zama.

Kafin karin kumallo, lambar mai lafiya takan tsaya tsakanin 70 da 99. Idan ta kai 126 ko ta wuce, aka maimaita aka sake samun haka, likita zai kira shi ciwon suga.

Bayan ka ci tuwon dare, taka daga tashar motar Titin Bauchi zuwa ƙofar Jami'ar Jos ka dawo, maimakon hawa Keke Napep, sannan ka gwada. Galibi lambar za ta fi ta ranar da ka kishingiɗa sauƙi. Dalili yana cikin tsoka, wadda ita ce ke kwashe mafi yawan sugan jini. A zaune, sai sinadarin insulin da jiki ke fitarwa ya buɗe mata ƙofa. Amma idan tana aiki, da kanta take buɗewa, ko insulin ɗin ya yi kaɗan. Bayan an huta ma, takan yi kwana ɗaya zuwa biyu tana amsa wa insulin da sauri, har jiki ya rage yawan wanda yake fitarwa. Shi ya sa ƙwallon ranar Asabar kaɗai ba ta wadatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma gara a rarraba su.

Insulin kuwa, na'urar ba ta ganinsa. Wannan sai ɗakin gwaje-gwaje. Tana kuma iya tsorata mutum a banza: gudu mai tsanani yakan sa hanta ta zubo suga, lambar ta ɗan hau kafin ta sauko.

Mai allurar insulin ko mai shan maganin suga na glibenclamide ya gwada kafin ya fita, ya sa alewa a aljihu, don ƙasa da 70 haɗari ne. A sanyin hunturun Jos kuma, a ɗumama yatsa kafin a tsira allura, in ba haka ba jinin ba zai fito sosai ba.